Ranar da Na Sa wa Turmi Makirfo

Ba zan taɓa mantawa da wunin bikin Hadiza, ɗiyar baffana, a Kusada ba, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Haushin kaina nake ji, sannan haushin Gwaggo Binta, wadda ta ja abin amma ta fita fes.

Lokacin ban daɗe da dawowa daga makaranta ba, da kwamfuta a jaka da girman kai fal ciki. Kiɗan da nake yi ba irin na kowa ba ne. Ƙarar injin niƙa nake ɗauka, da ta famfon burtsatse, in yayyanka su a na'ura in haɗa. (A gidanmu cewa suke na koyo gyaran rediyo ban ƙarasa ba.) Da na ji za a ɗauko mai kiɗa, na ce ina! Ni zan yi, kuma a gaban jama'a zan ƙirƙira shi. Hadiza ta ce, "Yaya, don Allah ka rufa mani asiri, dangin ango daga Kankiya za su zo." A gidan surukarta za ta zauna, tana son ta shiga da mutunci. Na ce ta kwantar da hankalinta.

Bayan la'asar na jera turame uku a tsakar gida, na ɗaure wa kowanne makirfo a gindi. Mata za su yi lugude, na'ura ta kama ɗan guntun bugun ta riƙa maimaitawa ta lasifika, ni kuma in ɗora wasu sautuka a kai. Da farko abin ya yi armashi, har uwar ango na gyaɗa kai daga kan tabarma. Kaina ya ƙara girma.

Abin da na manta, ni ɗan garin nan da aka goya a gindin turmi, shi ne mata ba sa daka da baki rufe. Daidai sanda na danna maɓallin ɗauka, Gwaggo ta sunkuya gyara tsaba, ta ce da ta kusa da ita, "Ke dubi uwar angon ga, rowa kamar ta kashe ta."

Na'ura ta kama. Ta maimaita. Ta sake maimaitawa, daram a kan bugun taɓarya, kamar da gangan aka tsara. Na danna tsayarwa, kwamfuta ta daskare. Garin sauri na murɗa abin ƙara murya. Sai da maganar ta zaga gidan ta fita har bakin titi kafin dabarar zare waya ta zo mani.

Uwar ango ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ce, "Mun ji, mun gode." Mutanenta suka bi ta. Hadiza na ɗaki tana kuka. Gwaggo kuwa ta jingine taɓarya ta nuna ni: "Wannan shaiɗanin akwatin nashi ne ya faɗa, ni mi na ce?" Wallahi kowa ya yarda. Washegari ni Baffa ya tasa gaba har Kankiya, ni na durƙusa ina ba da haƙuri kan maganar da ba daga bakina ta fito ba.

An kai amarya, amma ta daɗe tana gaida surukarta ana amsa mata da hanci. Abin da ya fi ƙona mani rai, wata ta ɗauki sautin a waya, kuma cikin duk abin da na taɓa haɗawa shi kaɗai ya karɓu. 'Yan acaɓa ma da shi suke tarbata a tasha.

Na dai koyi darasi: kafin ka ba turmi makirfo, duba wacce ke riƙe da taɓarya. Hadiza ta haihu sau biyu yanzu, ba a gayyace ni suna ko ɗaya ba.