Dokin Ƙofar Injiniya

"Bana ruwa bai isa ya shigo mini ta ƙofa ba! In ya shigo, ku canza mini suna!"

Injiniya ke nan a bakin layi, yana dukan ƙirji har da tari. Kada ka ji an ce Injiniya ka zaci ya taɓa gina gada, abokina. Facin taya yake yi. Sunan ya samo shi ne ranar da ya gyara wa wani fanka, ta koma juyawa da baya.

Unguwarsu a kwari take, inda haya ke da sauƙi. A da damina da sallama take zuwa, yanzu kuwa sai ta yi lamo har a fid da rai, sannan ta juye ruwan wata guda a yini ɗaya. Masu hali na kan tudu sun malale gidajensu da siminti, sun ɗaga katanga, ruwa ya rasa masauki sai ya gangaro wa talaka. Duk abin da Injiniya da matarsa suka tara da rani, damina ta zo ta kwashe: bara katifa, bara waccan rediyo da buhun hatsi. Abu ɗaya ya rage mai ciyar da gidan, keken ɗinkin matar tasa, Maman Biyu.

To, an yi wani taro kan sauyin yanayi, Injiniya ya kutsa don ya ji ana raba hula. Ya fito da hular, da kuma kai a kumbure.

"Maman Biyu, mun gama wahala. Dokin ƙofa zan ɗaga."

"Kowa ma ya ɗaga, Malam. Bulo ɗaya."

"Bulo ɗaya aikin jahilai ne. Nawa sai ya kai ƙirji!"

Bulo da siminti kuwa ba kyauta ake ba da su ba. Gogan naka ya waiga, ya ga kwanon rumfar da take ɗinki a tsakar gida, ya ɓalle ya sayar. Bai isa ba. Ya waiga, ya ga dogon teburin ƙarfen da keken ke kai.

"Malam, a kan teburin nan keken ya tsira bara!"

"Ruwan da ba zai shigo ba, me za a yi da tebur? Shimfiɗa tabarma, ki juya da hannu."

Gini ya tashi. Kai, ba dokin ƙofa ba ne wannan, raƙumin ƙofa ne! Shi kansa mai gidan sai ya ja da baya ya taho a guje yake hayewa. Masu kawo ɗinki suka koma miƙo yadi ta sama. Wata ƙatuwar mata ta zo awo, ta ɗora ƙafa ɗaya, ta maƙale a tsakiya, sai da aka taru aka janyo ta. Ba ta sake dawowa ba, ita da ƙawayenta.

Sauran simintin da ya rage, Injiniya ya zagaya yana neman inda abokin gaba zai ɓullo. Sai ga kafar kwata a gindin katanga, wadda ruwan wanke-wanke ke bi ya fita.

"Munafuki! Ashe ta nan kake satar hanya!" Ya danna mata siminti, ya shafe, har da sa hannu.

"To ruwan wankina fa?" in ji Maman Biyu.

"Ke dai ba ki je taro ba."

Ranar da hadari ya haɗo da azahar, Injiniya murna kamar an yi masa albishir. Ya sa hularsa, ya leƙo ta saman gini yana yi wa maƙwabta dariya suna kwashe kaya.

"Ku yi ta gudu, 'yan bulo ɗaya!"

Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Na titi ya zo, ya daki gini, ya wuce sumui-sumui. Injiniya ya yi tsalle, ya diro, ya ji tsulum. Ya duba ƙasa. Abin da bawan Allah ya manta shi ne tsakar gida ba ta da rufi, sama kuma ba ta bin ƙofa. Ga na rufin ɗakuna yana kwararowa ciki, ga kafa a toshe. Ruwa ya kai idon sawu, ya kai gwiwa, bokitai suka fara yawo, takalmansa suka bi sahu.

Maman Biyu ta aza yara bisa katanga, ta rungumo keke. Ta duba gado, ya nutse. Ta duba inda tebur yake a da, wayam. Idonta ya ciko, don ta san in ƙarfen nan ya sha ruwa, tukunya ta daina hawa wuta. Sai ta dubi mijinta sama da ƙasa.

"Malam, matso. Miƙe wuya."

Ta ɗora masa keke a ka, bisa hular taro.

Can ruwa ya ɗauke, na titi ya janye, kowa ya share ɗakinsa. Aka taru a ƙofar Injiniya ana leƙe: ga shi tsaye ƙiƙam, ruwa har cibiya, wuya na rawa, ƙwaɗo na iyo a gabansa.

"Ku dai shaida," ya ce da ƙyar, "ta ƙofa bai shigo ba!"

Mai sayar da ruwa ya turo kurarsa, ya leƙo. "Injiniya, a nan ake ɗiba? Na ga ya fi famfo kusa."

Wani ya ce a kawo guduma a fasa ginin, a sauke wa mutum kaya.

"Ku bi a hankali, babu sauri," in ji Maman Biyu. Ta taka turmi, ta zura zare, ta kama hannun keke. "Malam, daina motsi, akwai wuyan rigar da ban ƙarasa ba. Tebur ka sayar, tebur ka zama."