Keken Ɗinkin da Ya Fi Kowa Sanin Jos

Duk garin Jos babu wanda ya tsani zaman banza kamar Alhaji Zainulabideen, shugaban kwamitin tallafa wa ƙananan sana'o'i. Tsanar ta kai shi kansa ba ya zama. Kullum yana tafe da wayoyin salula biyu, a shekarun da ko guda ɗaya sai wane da wane, ga kwat a kan babbar riga saboda sanyin gari, ga almakashi mai ruwan zinare a aljihu. Almakashin nan bai taɓa ganin yadi ba, ƙyallen buɗe taro kawai yake yankawa. Mutanen Titin Bauchi suka laƙaba masa Alhaji Ƙaddamarwa, shi kuwa ya ɗauka sarauta ce.

Gwamnati ta ce a raba wa masu sana'a kayan aiki. Abin da ya iso kwamitin, bayan ya biyo ta hannaye masu albarka, keken ɗinki ne guda ɗaya tak. Da wani shugaban ne da kunya ta rufe shi. Alhaji kuwa mai hangen nesa ne. Ya lura cewa in ka bayar da keke, mutum ɗaya ka taimaka, amma in ka ƙaddamar da keke, unguwa guda ce za ta tafa.

Sai a kafa rumfa, a jera kujeru, Alhaji ya kama lasifika. "Jama'a, yau mun kafa tarihi! Talauci, tattara komatsanka ka bar Filato!" Ya yanka ƙyalle, ya miƙa keke, a ɗauki hoto. Jama'a na watsewa, direbansa Hyginus zai mayar da keken bayan mota. An ƙaddamar da shi a Nasarawa Gwom, an ƙaddamar a Titin Bauchi, har Abattoir an kai shi, inda mahauta suka karɓa hannu bibbiyu suna tambayar juna ko yana niƙa nama.

Wadda ta fi kowa karɓar keken nan ita ce Suwaiba, wata tela a Nasarawa Gwom. Ta iya ɗinki, keke ne ba ta da shi. Na maƙwabciya take hawa in mai shi ta tashi girki, masu kawo ɗinki kuwa sun fara gajiya da jira. Alhaji ya lura tana da kyan murmushi a hoto. Yau ta karɓa a madadin mata, gobe ta sake mayafi ta karɓa a madadin matasa. Kowane karo sai ta shafa kan keken tana cewa a ranta wataƙila yau ne. Abin yana yi mata ciwo ƙwarai.

"Ki ƙara haƙuri," in ji Alhaji. "Wannan matakin wayar da kai ne. Naki yana mataki na biyu."

Ana nan sai aka aiko wata Madam Theodora daga Abuja ta ga irin ayyukan da shirin ya samar. Alhaji ya sa aka goge keken da mai har yana ɗaukar ido. Ya yi jawabin da bai taɓa yin irinsa ba. "Madam, abin da kike gani ba keke ba ne, masana'anta ce! Daga ƙarƙashin allurar nan arzikin ƙasa zai ɓullo!" Ya miƙa wa Suwaiba, aka tafa, aka ɗauki hoto.

Suwaiba ta durƙusa ta yi godiya. Sannan ta juya wajen Alhaji cikin ladabi, bakinta dab da lasifika, ta ce, "Ranka ya daɗe, a kai shi mota yanzu kamar kullum, ko sai baƙuwa ta tafi?"

Har yau ana gardama a unguwa kan ko da gangan ta yi. Hyginus dai, da ya riga ya naɗe hannun riga, ya tsaya cak. Alhaji ya yi wata dariya da ba ta wuce haƙora ba.

"Motar da za ta kai mata shi gida take nufi, Madam. Haka tsarinmu yake!"

"Madalla," in ji Madam. "Mu raka ta."

Haka aka yi jerin gwano zuwa Nasarawa Gwom. Alhaji da kansa ya kama ƙafar keken aka shigar da shi ɗaki, gumi na keto masa duk da sanyin nan. Madam ba ta tafi ba sai da ta ji ƙarar ɗinki.

Matsala ɗaya ta rage: an riga an gayyaci mutanen wata unguwa ƙaddamarwa, kuma dukiyar kwamitin kaf tana ɗakin Suwaiba. Da safe sai ga Alhaji a ƙofar gida, almakashi a aljihu, yana sallama da ƙaramar murya.

"Oga, haya ne," in ji Suwaiba, ƙafarta ba ta daina taka keke ba. "Zauna a benci in gama rigar nan. Kuma a dawo min da shi kafin la'asar, ina da ɗinkin biki."

Masu cewa shirin Alhaji bai samar da aiki ba, su ji tsoron Allah. Mace ɗaya ya sama wa sana'a har biyu, ɗinki da hayar keke, kuma a ta biyun shi kaɗai ne kwastomanta.