Kafin Baba Ya Gama Gaisuwa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Baba ya zo kallon wasana ba. Ina aji bakwai a Dutsin-Ma, bayan samun 'yancin kai da kaɗan, hedimasta ya kawo mana darar Turawa, wato ces, da littafin da ke nuna yadda gwanaye suke buɗe wasa. Ni kuwa ɗan makarantar allo ne, sai na kama littafin nan da hadda, har da rangaji. Da na je hutu Kurfi na cika gidanmu da baki, wai duk lardi babu mai ja da ni (lokacin mutum biyu kacal na taɓa cinyewa, ɗayan ma zazzaɓi yake yi).

Da aka sa ranar gasa da ɗaliban Katsina, Baba ya bar gonarsa ana tsakar noma, ya ari keke ya taho. Bai taɓa taka makarantar boko ba, kuma babu abin da nake so kamar ya ga na yi nasara.

Yana shigowa aka ce a fara. Ya tsaya bakin ƙofa suna gaisawa da hedimasta, ya gida, ya ruwa, ya mutanen Kurfi. Abokin karawata ya fito da sarauniyarsa, mafi ƙarfi a 'ya'yan darar, tun da wuri, abin da babu shi a haddata. Ko a jikina. Littafi ya ce doki, na fito da doki. Ya ce ɗaya dokin, na fito da shi, ban ko dubi allon darar ba. Sai na ji sarauniya ta sauka kusa da sarkina, an ce wasa ya ƙare, an cinye ni.

Lokacin ne Baba ya ƙaraso yana kakkaɓe riga, fuskarsa cike da fara'a. "To, bismilla, ku fara mu gani."

"An gama, Baba," na ce, kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ya dubi allon, ya dube ni, bai tambayi wa ya ci ba. Ya kwance ƙullin ƙuli-ƙulin da Inna ta aiko, ya miƙa mini, ya ce, "Ci, ɗan nan. Aradu ban yi asarar tafiya ba, dama keken ma ya yi kewar hanya."

Daga baya na ji abin da ya gaya wa mutanen Kurfi: "Yaron nan akwai zafin nama, kafin in gama gaisuwa ya gama wasa." Har ya rasu bai ƙara komai a kai ba, kuma ban taɓa sonsa kamar ranar ba.

Tun daga nan, kafin in tuna me littafi ya ce, sai na fara duba me na gabana ya yi.