Tsuntsun Teku a Tafkin Hanyar Dungu

Ba na jin zan taɓa mantawa da abin da na jawo wa kaina a shekarata ta biyu ina koyar da kimiyyar halittu a wata kwaleji a Matameye. Har yau in na tuna sai haushin kaina ya kama ni.

Lokacin hutu na je Kwatano wurin yayana mai sayar da motoci. A bakin teku wani mutum ya nuna mini wani tsuntsu fari mai baƙin kai, ya ce duk shekara yana ƙaura daga wannan ƙarshen duniya zuwa wancan. Na dawo gida da madubin hangen nesa na gwanjo (ido ɗaya ne ke aiki), ina ji da kaina.

Bayan damina, ina wucewa ta wani tafki a hanyar Dungu, sai na hango irin tsuntsun nan a bakin ruwa, fari fat, kansa baƙi. Kwana uku ina zuwa ina laɓewa a bayan geza, sauro na cin ƙafata, ina rubutu a kaye, wato littafin rubutuna. Na yanke cewa iska ce ta ɓatar da shi. (Ban tambayi kaina abin da tsuntsu mai cin kifi yake tsattsaga a ƙasa ba.)

Maimakon in yi shiru, sai na kwashi aji guda, na gayyaci direktan makarantarmu, na kira wani jami'in gandun daji da ya taso tun daga Kance a kan moto, wato babur. Muka durƙusa cikin laka. Na yi kusan rabin awa ina bayani da murya ƙasa-ƙasa, ina harara duk wanda ya yi tari.

Muna cikin haka wani dattijo ya fito daga lambunsa riƙe da ƙoƙo, ya yi mana sallama.

"Mushe, lafiya kuka kewaye ta?" (Mushe ake kiran malamin makaranta a wajenmu, daga Faransanci.)

"Baba, a hankali. Baƙo ne daga teku."

Ya dube ni, ya dubi direkta. Sai ya yi fito, ya watsa gero. Baƙon nawa ya taso ya sauka a kafaɗarsa.

"Tantabarata ce," in ji shi. "Shuni nake shafa musu a ka, don kada su gauraya da na maƙwabcina. Akwai sha ɗaya a gida, in kuna son gani."

Jami'in ya kaɗe wandonsa ya tada moto. Direkta ya tsaya yana tambayar dattijon yadda ake kiwonsu, kamar abin da ya kawo shi ke nan. Ɗalibai kuwa sun daure har muka isa bakin titi, sannan dariya ta ɓarke. Shekara ta ƙare ana kirana Mushe Tantabara, har iyayensu a kasuwa.

Tun daga ranar, in na ga abin mamaki a gonar mutane, mai gonar nake fara nema in gaishe shi, kafin in tara jama'a.