Wainar da Na Toya wa Masu Gwajin Gas

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na yi wa ma'aikatan gas kukan mutuwa. (Ki rubuta yadda na faɗa, Maryam jikata, kada ki gyara mini. Ni ban yi boko ba, amma kunyata na san ta ciki da waje.)

Malam, mijina, a nan Manchester Allah ya karɓi abinsa. Jinya ce ta kawo mu daga Haɗeja wurin 'yarmu Rakiya, wadda take aikin asibiti, a wani gidan bene a unguwar Cheetham Hill. A nan aka binne shi, cikin ƙasa mai sanyi da bai taɓa nomawa ba. Ɗanmu Sani yana Birmingham, unguwar Erdington, yana aiki a kamfanin da ke tura gas ta bututu zuwa gidajen mutane. Ya zo jana'iza, ya kwana biyu, ya koma. Daga nan sai waya.

Da a gida ne, da tabarmi sun cika tsakar gida har zaure. Da mata sun yi ta sallama, wannan da ƙwaryar gero, waccan da sabulu, kowa ta zauna kusa da ni ta ce ya haƙuri. A nan kuwa 'yan masallacinmu sun zo ranar Asabar, Allah ya saka musu, Litinin kowa ya koma aiki. Na zauna takaba ni da agogon bango. In na ji tafiya a matakala sai in gyara mayafi, sai in ji an wuce an buɗe ƙofar maƙwabta.

Wata ranar Talata Rakiya tana haɗa jakar aiki ta ce mini gobe mutane za su zo daga wurin aikin Sani, in buɗe musu. Ta rantse daga baya cewa ta yi mini bayani dalla-dalla, wai gwaji ne, ana so a ga in gas ya yanke cikin hunturu yaya za a kai wa tsofaffi ɗauki, kuma Sani ne ya ba da sunana. Ban musa mata ba. Ni dai abin da ya shiga kunnena shi ne abokan aikin ɗana suna zuwa. To a garinmu me ke kawo abokan aikin mutum wurin uwarsa bayan ubansa ya rasu?

Tun a daren na jiƙa shinkafa. Gari na wayewa, Rakiya na fita, na ɗaura zani. Murhun gas ɗinta kai huɗu ne, na kunna su duka: ga tanda, ga miyar taushe, ga kunun gyaɗa, ga ruwan shayi. Rabon da in ji ƙarfi a hannuna haka tun Malam yana iya cin tuwo. Har turaren wuta na sa. Na ɗauko hotonsa da hularsa na ajiye a kan tebur.

Da hantsi aka ƙwanƙwasa. Baturiya ce, ba yarinya ba, da samari biyu, duk da riguna masu ruwan ɗorawa. Ɗaya riƙe da bargo, ɗaya da hita da ƙaramin risho na lantarki. Na ce a raina, Allah sarki, ƙasar sanyi ce, su bargo suke kaiwa gaisuwa. Da suka sunkuya suka rufe takalmansu da wata shuɗiyar leda kafin su taka kafet, na ce kai, waɗannan 'ya'yan mutunci ne.

Matar ta leƙa kicin ta ga wuta huɗu na ci, ta dubi samarin, suka dube ta. (Ashe a lissafinsu ginin namu babu gas tun asuba, ni kuma ina can ƙudundune ina karkarwa.) Na ɗauka mamakin karamci suke yi. Na zaunar da su, na jere musu waina, na kama hannun matar, sai abin da ya daɗe a ƙirjina ya ɓalle. Na ba ta labarin Malam da Hausa tun daga ranar da aka kai ni ɗakinsa. Na ce mata bai taɓa cin nama bai rage mini ba. Na ɗora mata hularsa a cinya. Tana ta kaɗa kai tana duba agogo, idonta ya yi ja, ta kasa zare hannunta.

Wayarta ta yi ta kuka. Can ta ɗauka, ta yi turanci, ta ajiye ta a tebur kusa da hoton Malam. Ni ina na san ba a kashe take ba? Ina na san tana haɗe da babban ɗakinsu na Birmingham, inda manyansu suke zaune suna jiran a ce an gama da tsohuwa ta farko? Na ci gaba da abina, har da ɗaga murya. Na ce Allah ya yi musu albarka, su da ba su san Malam ba sun tako har gida, ɗan da na haifa kuwa, mai kama da shi har tafiya, sai dai in ji shi a waya kamar mai sanarwar rediyo.

Sai wayar ta yi magana da muryar Sani.

"Inna," ya ce, a hankali. "Ba gaisuwa suka zo ba. Aiki ne."

Da ƙasa tana tsagewa a bene na uku da na shige. Ɗakin can kowa ya ji kukana, amma mutum ɗaya ne kawai a cikinsu yake jin Hausa, kuma shi na yi da shi. Na saki hannun baiwar Allah, na janye hular Malam daga cinyarta kamar na kama ta da sata. Sani ya yi mini bayani daga farko. Na tambaye shi ko in kashe wutar. Ya ce in bari miyar ta ƙarasa.

Suka nuna mini yadda ake kunna rishon, na yi ta gyaɗa kai ban ga komai ba. Samarin dai sun cinye wainar tas, ɗayan har da neman ƙarin miya. Da za su tafi suka naɗe bargon suka ɗauki hitarsu, tunda gwaji ne, akwai wani tsoho a gaba da zai yi karkarwar ƙarya. Matar ta tsaya a bakin ƙofa, ta nuna hoton Malam, ta dafa ƙirjinta, ta rungume ni. Ban san me ta ce ba, amma na amsa da amin.

Da Rakiya ta dawo ta ji labari, ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta shiga banɗaki ta daɗe. An ce saboda ni ma'aikatan suka makara a sauran gidajen, kuma wai yanzu sun sa a tsarinsu a riƙa tafiya da tafinta. Kin ji amfanin da na yi wa ƙasar Ingila.

Ranar Juma'a da yamma na ji tafiya a matakala. Ban gyara mayafi ba, na gaji da wannan. Sai aka yi sallama da muryar da ta sa gabana ya faɗi, don irin ta ubansa ce. Sani ne, da jakar kwana. Bai zauna a kujera ba. Ya durƙusa a ƙasa gabana, ya ce, "Inna, ya haƙuri?"

Na ce haƙuri sai Ma'aiki. Muka yi kukan da ba mu samu yi tare ba.

Su sun gwada saurin da za su kai ga tsohuwa in gas ya yanke mata. In miji ne ya yanke, wannan ba su da motar da za su aiko. Ni kuma na koyi nawa: yanzu in an ce baƙi na zuwa, sai na tambayi me ke tafe da su kafin in jiƙa shinkafa. Amma fa ina jiƙa 'yar kaɗan a ɓoye, ko da wani zai zo don Malam.