Dokta Valdemiro Ya Zaɓi Mai Gadin Wuta

A duk faɗin Ribeirão Preto babu wanda laƙabin Dokta ya zauna wa daram kamar Dokta Valdemiro Prates. Bai taɓa duba mara lafiya ba, bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi a ofishin tabbatar da takardu yana buga hatimi, kuma in dai buga hatimi ne, a sara masa. Yakan ɗaga hannu sama, ya dubi mai takarda ta saman tabarau har sai ya ga gumi ya keto masa, sannan ya sauke. Mutumin da jama'a ke yi wa layi tun safe don kawai ya ce musu su dawo gobe, ai ba ƙaramin mutum ba ne.

Da ya yi ritaya sai duniya ta yi masa rashin kunya. Ba layi, ba mai rusunawa. Wata uku ya yi a baranda yana koya wa masu sharar titi yadda ake riƙe tsintsiya. Daga nan ya ba da aka ƙera masa motar gida, doguwa, fara fat, da gado da kicin da bayi a ciki. Masu ƙirar sun ware wani lungu don taransifoma mai daidaita ƙarfin wuta, ya ce a mayar masa da wurin kabad mai gilashi, a nan ya jera takardun yabonsa. Ya shiga ƙungiyar masu motocin gida ta garin, motoci ashirin da biyu na tsofaffin ma'aikata da matansu. Cikin shekara guda ya zama shugaba, saboda shi kaɗai ya yarda ya rubuta kundin dokoki. Shafi arba'in ya rubuta, har da dokar da ta ce in an yi jerin gwano ba a wuce motar shugaba. Ya sayi farar hular kyaftin ɗin jirgin ruwa da usur. A gabansa Shugaba ake ce masa, a bayan idonsa Dokta Hatimi. Matarsa Dona Ivonete ce kaɗai ke kiransa Miro, kuma duk ranar da ta yi haka a cikin mutane sai ya yi kamar da wani take.

To, bana kujerar ta fara rawa. Wasu marasa godiya sun tsayar da Seu Jurandir, tsohon direban bas na dogon zango, mai wata tsohuwar bas da ya gyara da hannunsa. Jurandir bai iya jawabi ba. Abin da ya iya kawai shi ne in tayarka ta fashe a daji, ka ɗaga kai ka gan shi da jak a hannu. Dokta ya kasa gane yadda wannan zai zama cancanta. Zaɓen kuwa a taron shekara za a yi shi, a bakin teku can kudu, a jihar Santa Catarina, ranar Asabar, bayan shugaba ya ciyar da kowa gasasshen nama kamar yadda aka saba, sannan a ɗaga hannu a ƙirga.

Dokta ya yi nazari irin na manya. Inji da baƙin mai na direbobi ne, ya bar wa Jurandir. Lantarki kuwa ilimi ne. Zai sayi na'urar tsaron wuta, wadda 'yan ƙungiya ke kira mai gadi, ya jona ta a gaban kowa da jawabi, a ga bambancin mai karatu da mai sifana.

Haka ya shiga shagon Seu Ademar mai kayan wuta, hula a kai, Dona Ivonete na biye da shi. Ademar ya ɗora abu biyu a kan kanta.

"Iri biyu ne, yallaɓai. Wannan ɗan kyakkyawan mai shuɗiyar fitila, aikinsa ɗaya. In tsawa ta faɗa kan layi, ko wuta ta yi tsalle na ƙiftawar ido, ya shanye dukan. Iyakarsa ke nan. Wannan kuma," ya dafa wani baƙin akwati mai kama da bulo, "sai ya auna wuta kafin ya bar ta ta shiga. In ta yi yawa ya rufe ƙofa. In ta yi kaɗan ya rufe. In an haɗa wayar sandar da ake jona wuta a karkace ya rufe."

Dokta ya sauke tabarau zuwa kan hanci. "Ya rufe? Da izinin wa?"

"Ba ya neman izini, yallaɓai. Ai amfaninsa ke nan."

Ran Dokta ya ɓaci, ɓaci na gaske. Ya gyara tsayuwa, ya juya yadda sauran masu sayayya za su amfana.

"Seu Ademar, shekara talatin da ɗaya ina da mutane a ƙarƙashina. Ban taɓa ajiye wanda zai yanke hukunci bai biyo ta teburina ba. Yanzu da tsufana za ka haɗa ni da akwati mai taurin kai? Ina zaune cikin motata, ina shan kofi, wani bulo ya ga dama ya kashe mini wuta? Mai gadi aikinsa gadi. Buɗe ƙofa da rufe ta na maigida ne. Ba ni mai biyayyar."

"Motarka dai wuta mai ƙarfin ɗari da goma take sha, irin ta garin nan," in ji Ademar. "Kudu kuwa ɗari biyu da ashirin suke sha, ramin soket ɗin iri ɗaya. Wannan ƙaramin ba ruwansa, zai bar ta ta wuce. In ba ka son baƙin, ko taransifoma ka ɗauka."

"Miro, ka ji abin da ya ce?"

"Na ji tun kafin ya faɗa, Ivonete."

Ademar ya naɗe na'urar a leda, ya ce shi dai ya faɗa. Dokta ya fito yana tausayin talaka, wanda ko ka ba shi shago ba ya rabuwa da tsoro. Ya biya ta wurin mahauci ya cika firij da firiza da tantaƙwashin nama da tsiran alade, ya cusa lemo da giya a duk inda ya rage.

Ranar Juma'a da hantsi jerin gwanon ya isa sansanin bakin teku, zafin Janairu, wanda a can shi ne tsakiyar bazara, na dukan rufin motoci. Kowa ya san yadda ake shiga irin wannan wuri. Direba zai leƙo da kai ta taga, tun kafin ya tambayi ruwa ko bayi, ya ce: ɗari da goma ko ɗari biyu da ashirin? Yaro ma in ya je gidan kakarsa a wata jiha da abin busar da gashi sai ya yi wannan tambaya. Dokta bai yi ba. Shugaba ba ya tambayar mai gadin ƙofa abin da zai yi jawabi a kansa nan da rabin awa.

Mai sansanin, Dona Zilá, wata 'yar gajeruwa mai silifas, ba ta jira an tambaye ta ba. Ta dubi lambar motar ta ce, "Daga jihar São Paulo ko? Soket ja ɗari biyu da ashirin ne, duk layin bakin ruwa haka yake. Fararen na ɗari da goma suna can baya, jikin bayi da wurin wanki. In ba ku da taransifoma can za ku."

Masu taransifoma suka yi gaba, marasa ita suka yi baya ba gardama. Dokta ya hango bayan sansanin: igiyoyin shanya, bokitai, ƙofar bayi na buɗewa tana rufewa. Ya hango gaba: inuwar wata babbar bishiya, teku shimfiɗe, wurin da duk mai wucewa sai ya ga hularsa. Shugaba a jikin bayi, ana gobe zaɓe? Jurandir ma a gaba ya faka tsohuwar bas ɗinsa.

"Baiwar Allah," ya ce wa Dona Zilá cikin haƙuri, "ja ko fari, wannan matsalar marasa shiri ce. Ni na zo da mai gadina."

Dona Zilá ta ɗaga kafaɗa ta matsa masa. Ta ga irinsa da yawa, kuma tukunya na jiranta a wuta.

Ya faka a gindin bishiyar, ya busa usur. Mutane suka taru da kujerun roba, wasu don ladabi, wasu don inuwar. Ya fito da na'urar a kan tire, shimfiɗe bisa farin tawul.

"'Yan uwa masu girma, matafiya, ma'abota hanya. Lantarki bawa ne nagari, amma sai a hannun wanda ya san shi. Da yawa daga cikinmu, ba zan kama suna ba, suna jona waya kamar mai ɗaure akuya. Shugabanci hangen nesa ne. Tun muna gida na hango haɗarin da ke jiranmu a nan, na zagaya kasuwa, na auna, na tantance, na ƙi abin da aka so a cusa mini, na zaɓi wannan. A ƙarƙashin shugabancina, babu motar da za ta..."

"Dokta," in ji Jurandir daga baya, yana goge hannu da tsumma, "wannan soket ɗin ja ne fa."

"Na gode, Jurandir. Har yanzu ina bambance launi."

"Ina da taransifoma ta ajiya a bas. Minti biyu in ɗauko maka."

"Ajiye wa mabuƙata."

Ya jona wayar motar a jikin na'urar. Ya ɗaga fulogin sama, ya dubi jama'a ta saman tabarau, ya bar su suka ɗan jira, sannan ya sauke shi cikin jan soket. Shuɗiyar fitila ta kama. Fitilun cikin motar suka haska da wani irin haske da ba su taɓa yi ba, na'urar sanyaya ɗaki ta tashi da ƙarfi kamar za ta tashi sama. Dokta ya buɗe hannuwa.

"Kun gani?"

Sun gani. Ƙwan fitila na farko ya ce tas, na biyu ya bi shi. Na'urar sanyi ta yi wani gurnani ta yi shiru. Firij ya yi kakari. Warin ƙonanniyar roba ya cika gindin bishiyar, hayaƙi ya fara fitowa ta tagar kicin, sai ga Dona Ivonete ta faɗo daga ƙofa tana tari, tana kiran sunan Miro da ƙarfin da har masu wanka a teku suka waiwayo. Jurandir ya tsallake kujera biyu ya fizge fulogin. Har zuwa lokacin shuɗiyar fitilar na ci abinta lafiya lau, ta buɗe wa wuta ƙofa ta tsaya gefe, kamar yadda maigida ya so.

Wani ya yi tari don ya danne dariya, dariyar ta fi ƙarfinsa. Dokta ya sunkuya, ya ɗauki na'urar, ya juya ta, ya ɗaga ta sama.

"Ku lura," ya ce, "ko ƙwarzane ba ta yi ba. Kayan kirki ke nan."

Ya ƙara da cewa zai rubuta wa hukumar wutar jihar takarda mai zafi, da kwafi uku. Ba wanda ya tsaya jin sakin layi na biyu. Firij ya mutu, firiza ta mutu, injin kofi da talabijin da cajin batir duk sun bi su, ga naman mutum arba'in da huɗu a cikin zafin Janairu. Dona Ivonete ce ta ɗaure gashinta, ta kwashi naman a roba, ta bi mota mota tana cewa don Allah ko akwai ɗan wuri. Kunya ta ishe ta, har idonta ya kawo ruwa, amma ta yi. Mafi yawansa a tsohuwar firizar Jurandir ya samu masauki. Dokta ya wuni a kujera yana fifita da kundin dokoki, yana bayyana wa duk wanda ya kusato cewa a kimiyyance laifin sandar soket ɗin ne.

Ranar Asabar aka gasa naman shugaba. Daga bas ɗin Jurandir ya fito, giyar mai sanyi ma daga can, kuma kowa ya ga ƙofar da ake shiga ana fitowa. Duk da haka Dokta bai karaya ba. Ya san mutane: ciki ya cika, hannu zai tashi. Ya sa hularsa, wadda ke ɗan warin hayaƙi, ya zauna a teburin gaba.

Aka roƙi Dona Zilá ta yi ƙirga, tunda ba ta da ɓangare. Ta tsaya da silifas ɗinta ta ce, "Masu son Dokta Valdemiro ya ci gaba."

Hannun Dokta ya tashi tsaye cak. Ya waiga dama, mutane na sakace. Ya waiga hagu, mutane na kallon teku. Ya nemo matarsa da ido, ya same ta tsaye kusa da shi da babban tiren nama, hannu biyu. Ta nuna masa tiren da haɓa. Ya gyaɗa kai, ya yafe mata, mace tana bakin aiki.

"Ɗaya," in ji Dona Zilá. "Masu son Seu Jurandir."

Hannuwa suka tashi ko'ina. Dona Ivonete ta duba teburin, babu wurin ajiya. Ta juyo wurin mijinta.

"Riƙe mini nan, Miro."

Ya karɓa, hannu biyu. Ita kuma ta ɗaga nata.