Ni da Firintar Hajiya Binta

Ko da zan manta da ranar da na karɓi takardar difloma, ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gwajin aiki a wata makarantar kuɗi da ke Tudun Wada ba. Har yau in abin ya faɗo min a rai sai in ji abinci ya fita kaina.

A lokacin na daɗe ina zaman kashe wando. A gidanmu na Gyallesu Injiniya ake kirana (ba don komai ba sai don ina tayar wa matan gida wayoyinsu in sun ƙi kunnuwa), amma ko sabulun wanka sai Inna ta saya min. Kawu Sule ne ya ji tausayina, ya kai ni wajen Hajiya Binta mai makarantar, ya ce, "Hajiya, wannan ɗan ƙanwata ne. Kwamfuta kam, kamar shi ya ƙera ta." Ina gefe ina murmushi, ban ce a rage ba.

Hajiya ta ce, "To madalla. Ga sabuwar firinta, so muke duk kwamfutocin ofis su riƙa buga takarda da ita ta netwok. Jibi za mu fara jarrabawa. In ka haɗa, aikin naka ne."

Malama Rabi sakatariya ta tashi ta ba ni kujerarta. Na saka faifan da ya zo da firintar, ina danna gaba gaba da isa, har na kai shafin da ake tambaya ta wace hanya za a haɗa ta. Zaɓi biyu ya kamata in gani, na wayar USB da na netwok. Na USB kaɗai ya fito. Na koma baya na dawo, babu. Na kashe kwamfutar na kunna, babu. Na bi ta wata hanya na rubuta lambar firintar da hannuna, kwamfutar ta ce ba ta san da zamanta ba. Fanka na juyawa, ni kuwa zufa har cikin takalmi.

To, a shagon da na koyi aiki magani ɗaya muka sani, wato fomatin: a goge duk abin da ke cikin kwamfuta a sake zuba mata sabuwar manhaja. Ta yi nauyi, fomatin. Ta ƙi yin sauti, fomatin. (Da mutum za a kawo mana yana tari, ina jin shi ma fomatin ɗin za mu yi masa.) Malama Rabi ta fita sallar azahar. Na san ya kamata in jira ta in tambaya ko akwai abin da ake bukata a ciki, amma tsoron kada ta dawo ta tarar ina nan inda ta bar ni ya fi ƙarfina. Na ce bismillah, na goge.

Da aka gama na sake saka faifan. Zaɓin netwok bai fito ba.

Na sunkuyar da kai don takaici, sai idona ya faɗa ƙarƙashin tebur, kan ɗan akwatin da wayoyin netwok ke haɗuwa a jikinsa. Ko fitila ɗaya ba ta ƙyaftawa. Na bi wayar wutarsa, sai ga kanta yashe a ƙasa, a soket ɗin kuwa cajata ce maƙale, wayata ta cika fam. Ni na zare shi da zuwana na sa caji, don mun kwana ba wuta a Gyallesu. Ina mayar da shi fitilu suka kama, zaɓin ya fito, firinta ta zaro takardar gwaji tas.

Daidai nan Malama Rabi ta shigo. Ta duba fuskar kwamfutar, ta dube ni. "Malam, ina tambayoyin jarrabawar da na ajiye a nan?"

Na ce, "Waɗanne?"

"Na yara duka, daga aji ɗaya har aji shida. Tun farkon wata nake buga su."

Da ta zage ni da na ji sauƙi. Zama kawai ta yi, ta ja bakin hijabinta tana share hawaye, tana "Innalillahi." Ban taɓa jin na tsani kaina kamar ranar ba. Hajiya ma ba ta ɗaga murya ba. Waya ta ɗauka ta ce, "Alhaji Sule, zo ka tafi da injiniyanka."

Kawu ya goyo ni a babur har ƙofar gida. Inna na tsakar gida tana jira, da ta ga fuskata sai ta ce, "Allah ya kawo wani."

Abin da na koya shi ne, kafin ka ɗora wa kwamfuta laifi, ka fara durƙusawa ka leƙa ƙarƙashin tebur, ka ga ɓarnar da ka yi da hannunka. An ce min firintar tana nan tana aiki lafiya ƙalau, wanda suka ɗauka a bayana ake ta yaba wa.